Saura Wata Goma

Kwana biyu bayan Hajjo ta fita takaba, yayanta Ɗalha ya zo Gwandu daga Wurogauri a kan babur. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ya sha ruwa, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ya ce mata ta fara ɗaure kaya. Bai ja maganar ba, don ita ma ta san da ita. Gidan na haya ne. Da fanshon mijinta, Malam Abdulgani, ake biya, kuma tun da ya rasu ba wanda ya san ranar da haƙƙinsa zai fito. Mai gidan ya yi mata kara, bai aiko kowa ba duk tsawon takabar, amma shekara ta kusa cika.

"Ɗakin Inna na nan," in ji Ɗalha. "Na sa an yi mishi yaɓe, an canza kwano biyu da ke yoyo. Ba ki zama nan ke ɗai."

"To, Hamma," ta ce. Haka take kiransa tun suna yara.

Shekara ashirin da shida ta yi a gidan nan mai ɗaki biyu da darbejiya a tsakar gida. Malam Abdulgani malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare, mutum mai son taswira da tambaya. Ko baƙo ne ya zo daga nesa, kafin ya gama cin abinci Malam ya tambaye shi gulbi nawa ya ƙetare a hanya. Sun haifi 'ya'ya uku, biyu suka koma tun suna goye. Wadda ta rayu ita ce Jidda, 'yar fari, wadda Hajjo ba ta faɗin sunanta sai dai ta ce "yarinyar nan". Jidda tana aure a Fatakwal, inda mijinta ke sayar da albasa.

Shekara biyu da yin ritayar Malam, wata safiya yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya faɗi. Sun yi mako bakwai a asibiti a Birnin Kebbi, aka sayar da gonar gadonsa ta Dalijan wajen magani. Da suka dawo gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Yana jin komai, yana gane kowa, amma kalma ɗaya sai ya yi ta fama kafin ta fito. Wuni yake yi kwance yana kallon silin. Idan Hajjo ta kunna masa rediyo, sai ya juya fuska bango.

Jidda ce ta kawo maganar talabijin. Ta zo ta yi sati biyu, kuma kafin ta koma ta ji labarin wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wa mutane intanet da tashoshin talabijin a gida, a biya wata-wata. Malam yana da talabijin da ya saya da kuɗin sallamarsa daga aiki, ga kuma 'yar sola da batir. Jidda ta ce ita za ta riƙa biya, don ta riƙa ganin fuskar Baba kullum, shi kuma ya samu abin kallo.

Ma'aikatan kamfanin biyu suka zo ranar Laraba. Suka kafa kwanon setilayit a kan rufi da wani dogon ƙarfe a gefensa, suka ja waya zuwa ɗaki, suka ajiye dikoda da ɗan farin akwatin intanet a kan teburin Malam. Da suka gama, babbansu ya fito da takardu, shafi huɗu da Turanci. Ya ce yarjejeniyar shekara biyu ce, shi ya sa ba a karɓar kuɗin kafawa. Ya miƙa wa Malam biro. Malam ya karɓa da hannun hagu, ya ɗora a kan takardar, biron ya yi wani karkataccen layi ya zame ya faɗi ƙasa.

"Ba komai, Baba," in ji ma'aikacin. Ya ciro kwalin tawada daga jaka. "Dangwala yatsa kawai za ka yi."

Malam ya dubi kwalin tawadar, ya dubi mutumin, ya janye hannunsa ya cusa ƙarƙashin mayafi. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana sa hannu a kan sakamakon ɗalibai ba zai dangwala yatsa ba. Jidda ta lallashe shi, ya ƙi. Can sai ya ɗaga haɓa ya nuna Hajjo.

"Ke," ya ce da ƙyar. "Ru... buta."

Hajjo ba ta yi boko ba. Malam ne ya koya mata karatu da rubutu a farkon aurensu, da alli a bayan faranti, bayan ta gama girki. Ba ta taɓa sa hannu a gaban baƙi ba. Ta goge hannunta da gefen zane, ta karɓi biro, ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi. Ma'aikacin ya soke sunan Malam a saman takardar ya rubuta nata, ya karɓi lambar asusunta na banki, wanda Jidda ke turo mata kuɗi a ciki. Malam ya nemi a nuna masa takardar. Ya daɗe yana kallon rubutun, ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Rabon da ya yi murmushi tun kafin ya faɗi.

Daga ranar ɗakin ya canza. Malam ya koyi riƙe rimot da hagu. Bai damu da wasan kwaikwayo ba, sai tashar da ke nuna ƙasashe da duwatsu da tekuna. Idan aka nuno wani gulbi, sai ya buga gefen gado ya kira Hajjo daga madafi, ya nuna mata, ya yi ta ƙoƙarin faɗin sunansa. Wani lokaci ya fito, wani lokaci ya tsaya a rabi, ita ta ƙarasa masa da abin da ta ga dama, ya harare ta. Bayan la'asar kuma Jidda ta kira, Hajjo ta jingina wayar da kofi a kan tebur, uba da 'ya su yi ta kallon juna, Jidda na ba shi labarin ruwan saman Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Wata tara da kwanaki suka yi a haka. Ya rasu ranar wata Asabar da hantsi, Hajjo na shafa masa mai a ƙafa.

Tun daga ranar ba ta sake kunna talabijin ba. Ta lulluɓe shi da wani tsohon zane. Akwatin intanet kawai ta bari a kunne saboda kiran Jidda, wadda ta zo ta'aziyya da ƙaramin ciki ta koma bayan bakwai. Ana cikin takabar motar albasar mijin Jidda ta lalace a hanya, kayan suka ruɓe kafin su isa. Jidda ta fara kame-kame idan wata ya ƙare. Hajjo ta ce mata kada ta damu, an rage kuɗin. Ba a rage ba. Da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da take aikawa kasuwa ta biya wata biyun ƙarshe.

An kwashe kaya ranar Lahadi a wata tsohuwar a-kori-kura. Gado, katifa, tukwane, buhun littattafan Malam, da talabijin a lulluɓe, wanda Hajjo ta riƙe a kan cinya tun daga Gwandu har Wurogauri. Kwanon setilayit da dikoda da akwatin intanet ta bar su inda suke, tunda ba nata ba ne. Washegari ta kira lambar da ke jikin takardar, ta ce ta tashi daga gidan, su je su ɗauki kayansu, ta gode.

Muryar da ta amsa ta tambayi sunanta, ta duba, sannan ta ce, "Mama, ai saura wata goma a yarjejeniyarki. Idan za ki fita yanzu akwai kuɗin karya yarjejeniya. Gara ki zo ofishinmu na Kalgo a yi miki bayani."

Ɗalha ya kai ta ranar Talata. Ofishin shago ɗaya ne a bakin titi, da benci biyu da fanka da hotunan mutane suna dariya suna kallon waya. Samari 'yan makaranta sun cika benci ɗaya. Wata budurwa mai gilashi da ke bayan kanta ta tashi ta ba Hajjo kujerarta ta roba. Ta ce sunanta Fatimatuzzahra, ita ce suka yi magana a waya.

Ta yi bayanin a hankali. Kamfani ya kafa kaya kyauta ne bisa sharaɗin za a yi shekara biyu ana biya. Wanda ya fita kafin lokaci zai biya wani kaso na watannin da suka rage, da kuɗin kafawa. Na Hajjo ya kama naira dubu ɗari da ashirin.

Ɗalha ya cire hula ya mayar. "Ɗiyata, ba ta kallo. Wata huɗu abin na lulluɓe. Kuɗin mi za ta biya?"

"Na gane, Baba. Bari mu ga ko akwai hanya." Ta juya ga kwamfuta. "Idan aka mayar mata da layin sabon gida, ba ta biyan komai, sai dai ta ci gaba da na wata. Ina ta koma?"

"Wurogauri."

Fatimatuzzahra ta buɗe taswira, ta matsar da ita, ta ƙara girmanta. Hajjo ta leƙa. Akwai wata koriyar da'ira da ta rufe Kalgo, wata ta rufe Gwandu. Budurwar ta sa yatsa a wani wuri fari a wajen da'irar. "Turken sadarwarmu bai kai can ba."

"To ku ne ba ku kai ba," in ji Ɗalha. "Ita ba ta ƙi ku ba."

"Haka ne, Baba. Amma a takarda an rubuta cewa tashi daga gida ba ya soke yarjejeniya, ko muna can ko ba mu can." Ta faɗa tana kallon kanta, ba ta ɗago ba. Sai ta tambaya, "Mama, me ya sa kika tashi?"

"Maigidana ya rasu."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta." Fuskar budurwar ta ɗan saki. "Ai da kin faɗa tun farko. Idan mai yarjejeniya ya rasu ana yafe komai, ko kwabo ba a karɓa. Takardar shaidar rasuwa kawai za ku kawo. Bari in ɗauko fayil ɗin."

Ɗalha ya yi hamdala. Hajjo kuwa ta riga ta san abin da ke cikin fayil ɗin. Fatimatuzzahra ta dawo da shi, ta buɗe, ta duba saman shafin farko inda aka ja layi a kan sunan Malam. Ta juya zuwa shafi na huɗu. Rubutun na nan, manyan haruffa biyar, na ƙarshen ya ɗan gangara ƙasa da layi.

"Ke kika sa hannu, Mama?"

"Ni ce."

"Me ya sa ba shi ba?"

"Hannunshi bai riƙe biro."

"Ai da ya dangwala."

Hajjo ta dubi takardar. Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta ga bayanin ya yi tsawo, kuma samarin da ke benci sun daina hira suna saurare. Ta ce, "Bai so ba."

Fatimatuzzahra ta shiga ɗan ɗakin da ke ciki ta fito da manaja, wani mai suna Muzzammil, wanda bai fi sa'ar Jidda ba. Ya durƙusa ya gaishe su, ya yi musu ta'aziyya, ya karanta takardar har sau biyu. Ya ce shi ba shi da ikon taɓa abin da ke cikin kwamfuta, daga babban ofis ake sarrafa shi. Zai rubuta musu, amma ba zai ɓoye ba, ya taɓa rubuta irin wannan sau uku ba a amince ba. Ya ƙara da cewa takardar ta ba kamfani izinin cire kuɗin daga asusunta duk ranar da wani abu ya shiga, bayan kwana talatin.

"Asusun da za a sa haƙƙin mamaci ke nan," in ji Ɗalha.

Muzzammil ya mayar da takardar cikin fayil ya rufe.

Suka kama hanyar komawa. Sai da suka sauka daga kwalta suka hau hanyar ƙasa Ɗalha ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, zai kai ɗaya daga cikin shanun huɗarsa kasuwa.

"Damina ta kusa, Hamma. Da wane za ka yi huɗa?"

"In yi aro."

"Wa ke ba da aron sa da ruwan farko? Ba ka sayar da shi. In ka sayar, ba ni zama gidanka."

Ya san halinta, bai sake tayar da maganar ba.

Kwanakin da suka biyo baya Hajjo ta yi su ne a ɗakin mahaifiyarsu, wanda ke warin sabon yaɓe. Matar Ɗalha tana kyautata mata, yara suna kawo mata ruwa, amma ba ta saba da gidan da ba ita ke cewa a ɗora tukunya ba. Ta ajiye talabijin a kan akwatin ƙarfe a kusurwa. Babu wuta a ɗakin, solar ma ta bar wa maƙwabciyarta a Gwandu a madadin kuɗin gyaɗa. Wani lokaci da rana takan ɗaga zanen ta goge gilashin, ta mayar. Idan Jidda ta kira, sai Hajjo ta fita bayan gida kusa da rumbu inda waya ke kamawa. Murya kawai, ita ma tana yankewa. Jidda ta tambaye ta ko an gama da mutanen kamfani lafiya.

"An gama," in ji Hajjo.

"Ba su ce komai ba, Inna?"

"Mi za su ce? Ke dai ki kula da kanki. Ƙafar ta daina kumburi?"

Amsar babban ofis ta zo bayan kwana goma sha biyu, kuma ita ce wadda Muzzammil ya faɗa. Fatimatuzzahra ce ta kira ta sanar da ita. Bayan ta gama ba ta kashe wayar ba. Ta ce ta koma ta karanta takardar tun daga farko, ta ga wani sharaɗi a shafi na uku da ba a cika amfani da shi ba. Idan wanda ya shiga gidan ya yarda ya karɓi yarjejeniyar da sunansa, ya ci gaba da biyan watannin da suka rage, to Hajjo ta fita, ba ta biyan komai.

"An shiga gidan, Mama?"

Hajjo ba ta sani ba. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa wani zai shiga ba.

Ɗalha ya kira mai gidan. An shiga tun sati ɗaya da ya wuce. Wani Lukuman ne, ɗan Kambaza, mai shagon magani a bakin kasuwa, da amaryarsa.

Suka tafi Gwandu ranar Alhamis. Tun daga bakin lungu Hajjo ta ga an yi wa ƙofar gidan shuɗin fenti. Ɗalha ya tsaya a waje, ita ta tsaya a zaure ta yi sallama, abin da ba ta taɓa yi a wannan zauren ba, ta jira aka ce ta shigo. An sassare rassan darbejiya. An ɗaura igiyar shanya a inda ba nan take ɗaurawa ba. Amaryar, Indo, yarinya ce siririya mai lalle har gwiwar hannu. Da ta ji ko wace ce, sai ta rikice, ta shimfiɗa tabarma, ta naɗe, ta ce a'a, Inna ta shigo ɗaki. Hajjo ta shiga. Inda gadon Malam yake an jera kujeru masu laushi, bango ya sha farin fenti, kabad cike da kwanuka masu sheƙi. Tabon da kan gadon ya yi wa bango ya ɓace. Dikoda da akwatin intanet suna ƙasa a bayan ƙofa, an naɗe wayoyinsu.

Aka kira Lukuman daga shago. Suka zauna a zaure su uku, Indo na tsaye daga ciki tana ji. Ɗalha ya yi bayani. Lukuman ya saurara har ƙarshe, yana juya makullin babur a hannu.

"Baba, wallahi na tausaya," ya ce. "Amma ban daɗe da yin biki ba, ga haya na biya ta shekara. Intanet ɗin zai yi mini amfani, don ina odar magani ta waya. Sai dai kuɗin wata ya haɗa da tashoshi, mu kuma ba mu da talabijin. Kayan ɗakinta ba su zo da shi ba. In biya kuɗin kallo wata goma ba abin kallo, ka ga da nauyi."

Ɗalha ya ce gaskiya ne. Ya fara neman takalminsa.

"Akwai talabijin," in ji Hajjo.

Ɗalha ya juyo ya dube ta.

"Na Malam. Lahiyarshi lau, ko ƙwarzane babu. In na kawo maka shi, ka karɓi takardar?"

Lukuman ya ce ba zai iya sayensa yanzu ba. Ta ce ba sayarwa ta ce ba. Ya ce a'a, hakan bai yi ba, kayan marayu ne. Ta ce magadan su biyu ne, ita da 'yarta, kuma an riga an raba, talabijin a rabonta ya faɗo. Suka yi ta ja, shi yana jin kunya, ita tana so a gama. Daga ƙarshe ya ce ya karɓa, amma duk ranar da ya samu hali zai aiko mata da wani abu. Ta ce to, don a rufe maganar.

A hanya Ɗalha ya ce, "Shi ɗai ya rage miki na hannunshi."

"Akwai littattafai."

"Da Turanci suke."

"Na sani, Hamma."

Ranar Asabar suka dawo da shi. Ba su sami mota ba, don haka a babur suka ɗauko, Hajjo na baya ta rungume shi a tsakaninta da Ɗalha, iska na kaɗa zanen. Hannuwanta sun sage kafin su kai rabin hanya, ba ta ce a tsaya ba. Fatimatuzzahra ta riga su isa, ta biyo motar haya daga Kalgo da sababbin takardu, ko da yake ba ranar aikinta ba ce. Aka cika, aka sa hannu, Lukuman ya biya kuɗin canjin suna. Budurwar ta ba Hajjo wata 'yar takarda mai hatimi, ta ce ta adana ta, shaida ce cewa ba a bin ta komai. Hajjo ta riƙe hannunta ta sa mata albarka, ta tambayi sunan mahaifinta da garinsu, ta ce Allah ya ba ta miji mai haƙuri. Fatimatuzzahra ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa, ta cire gilashi ta goge.

Lukuman ya ɗora talabijin a kan kabad, ya haɗa wayoyi, ya jona da batirinsa. Indo ta zauna a bakin kujera tana jira. Da ya kunna, Hajjo ta miƙe tun hoto bai gama fitowa ba, ta ce rana na yi, suna da nisa. Indo ta biyo ta har zaure da leda, dubulan da cincin na biki, ta ce don Allah Inna ta riƙa zuwa, gidanta ne. Hajjo ta karɓa ta yi godiya. Ta manta zanen a ɗaki, ta tuna tun tana zaure, ba ta koma ba.

Da suka fito bayan gari, ta taɓa kafaɗar Ɗalha.

"Hamma, bi ta maƙabarta."

Ya juya babur ɗin ba tare da tambaya ba. Ya tsaya a gindin wata bishiya nesa kaɗan da ƙofa. Ta sauka ta tsaya a nan, shi ya cire takalmi ya shiga. Katangar gajeriya ce, tana hango kansa yana tafiya tsakanin kaburbura, ya tsaya, ya koma baya, ya sake dubawa. Ranar jana'iza kawai ya zo, kuma an ƙara mutane da yawa tun daga lokacin. Can ta ga ya durƙusa, ta daina ganin komai sai saman hularsa. Ta kafa ido a wurin, ta ƙirga daga kusurwar katanga zuwa inda hular take don ta riƙe, sannan ta ɗaga hannu ta yi tata addu'ar daga inda take tsaye.

Ya daɗe kafin ya fito. Gwiwoyin wandonsa sun yi ƙasa.

"Ka gane shi?"

"Na gane. Gefe guda ya ɗan zauna, na gyara. Kafin ruwa ya sauka zan dawo in sa ƙaya."

Ta gyaɗa kai. Ta buɗe ledar Indo ta miƙa masa dubulan ɗaya, don tun safe bai ci komai ba. Ya karɓa ya ci a tsaye, ya karkaɗe hannu, ya tayar da babur. Gabas ta fara haɗa hadari, kuma yana so su kai Wurogauri kafin la'asar, don ba a shigar da shanu ba.